Yadda Kwamfutarmu Ta Shiga Kulle

A aji biyu na sakandare na ajiye biro. Na yi facin taya, na yi yaron mota a layin Gumel zuwa Gagarawa, na sayar da ƙanƙara, ba wanda na kai wata biyu a kansa. Sai wajen ƙarshen shekarun casa'in wani ma'aikacin gwamnati ɗan Filato ya kama shagon da ke jikin gidan kawuna, inda nake zaune, ya kawo kwamfuta yana buga wa mutane takardu. Ya ɗauke ni shara da goge ƙura. Nan ne wuri na farko da na ji ba na so a kore ni. Ga fanka, ga kujera mai juyawa, 'yan mata in sun wuce su gan ni gaban allon kamar na san abin da nake yi.

Alhali da yatsa ɗaya nake bugu, ina laluben harafi kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Oga kuwa bai ɓoye min ba: ƙarshen wata ɗan yayarsa zai zo daga Jos, ya yi makarantar bugu, shagon kuma ba zai ɗauki mutum uku ba.

Kwamfutar 'yar Kwatano ce. In aka kunna akwatin, fankar cikinsa sai ka ce injin markaɗe. Firintar ta fi muni, da allura take bugawa, ƙiii ƙiii, kamar akuyar da aka ɗaure wa ƙafa. Bango ɗaya ne tsakaninmu da zauren Kawu, inda yake kishingiɗa bayan azahar.

Ran nan ya leƙo da carbi a hannu, ya ce da Oga, "Malam, injin nan naka niƙa yake ko rubutu?"

"Rubutu, Baba."

"To mai niƙa ma ko dusa yana ba maƙwabta. Zuwa Juma'a, ko ya yi shiru ko ku fita tare."

Ni na kawo shawarar. Na ce a bar allo da kibod a shago, a kai akwati da firinta sito, a ja doguwar waya. Oga ya ce, "Ina siton?" Na ce a baya. Bai ƙara tambaya ba, ni ma wallahi ban yi tunanin komai ba.

Ran Alhamis na tafi kasuwar Maigatari na sayo dunƙulen waya wajen wani mutumin Damagaram. Da na ɗora reza kan wayar allon, Oga ya rufe ido yana kiran sunan Yesu. Na yanke. Ashe ba biyu ba ne a ciki kamar ta rediyo, sirara ne sun fi goma, kowace da kalarta, tawa kuma ja da baƙi kawai. Sai na aro zaren ɗinkin hula wajen Inna, matar Kawu, ina ɗaura wa kowace waya kalarta a kai da gindi. Na murɗe, na naɗe da salatif, na huda bango, na bi ta kan katanga, ta reshen darbejiyar tsakar gida, har sito.

Muka kunna. Allon ya kawo, ya ɗan yi ruwan ɗorawa, kowane harafi da inuwarsa a gefe kamar tagwaye. Amma shagon tsit. Oga har ya dafa kafaɗata.

Wani malamin firamare daga Ɗanzomo ne ya fara zuwa da takardar neman canjin wuri. Oga ya buga, ya danna, muka jiyo kukan firinta can nesa. Oga ya miƙe zai ɗauko takardar, ya shiga zaure, ya nufi ƙofar ciki.

Kawu ya ɗago kai daga tabarma. "Ina zuwa, Malam?"

"Takarda zan ɗauko, Baba."

"A cikin gidana? Gun iyalina?"

Oga ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama. Ya daɗe a Gumel, ya san baligi bare ba ya wuce zaure. Ya juyo gare ni.

"Kai! Ba ka ce sito a baya yake ba?"

"A baya yake mana, Oga. Ta ciki ake bi."

Daga ranar komai sai da ni. Kunnawa ni, kashewa ni, saka diski ni, ɗauko takarda ni. Matan gida suka karɓi baƙuwa hannu biyu. Suka mai da wayar igiyar shanya, in zani ya yi nauyi allon ya koma kore, in ruga in sauke. Inna ta gano saman akwatin da ɗumi, ta riƙa ɗora ƙullun waina ya tashi. In takarda ta maƙale sai ka ji ta ta katanga, "Kai ɗan nan, zo, amaryarka ta shaƙe!"

Ƙarshen wata ɗan yayar ya iso da jakarsa. Yatsa goma yake bugu, ko kallon kibod ba ya yi. Ni dai na tsaya a bakin ƙofa. Oga ya je ya durƙusa gaban Kawu, ko za a bari a dawo da injin shago.

"A'a. Sati uku ke nan ina barcin rana."

Oga ya nuna ɗan yayarsa. "To ko yaron nan ya riƙa shiga..."

Kawu ya dubi saurayin tun daga takalmi har gemu. "Wannan ne yaron?"

Oga ya dawo ya zauna, ya daɗe yana kallon ramin da na huda a bango. Can ya sa aka shigo da benci, aka matsa tebur, aka samo wurin mutum na uku. Kujera mai juyawa ta koma hannun ɗan Jos. Ban ko gama zama a bencin ba ya danna wani abu, ya ce, "Takarda!"

Na zura silifas, na yi sallama na shiga.