Burtun Dajin Fagam

Dabo taubashina ne, don haka duk abin da na faɗa a kansa ba mai kai ni ƙara. Ni ne Yahuza, mai rumfar cajin waya a bakin tashar Gwaram. Shi kuwa maharbi ne a Fagam, ɗan maharbi, jikan maharbi. Tun muna yara nake ce masa ya fi sanin gafiya a kan mutane, shi kuma ya ce ni ko ƙadangare ya gyaɗa min kai sai na ruga gida.

Da burtu yake farauta. Yaran yanzu sai an yi musu bayani. Burtu baƙin tsuntsu ne babba, mai dogon baki, a ƙasa yake kiwo. Maharbi yakan busar da kan tsuntsun, ya yi masa wuya na itace, ya ɗaura a goshi, ya yafa baƙin zane, ya dinga rarrafe cikin ciyawa yana gyaɗa kai. Namun daji su ɗauka tsuntsu ne, har ya isa kusa da su.

Kan da Dabo yake ɗaurawa shi ya harbo tsuntsun da hannunsa, shekarar da ya auri Mero. Namijin ya samu. Macen ta yi kwana bakwai tana kuka a bayan gari da asuba, sannan ta yi shiru. Mero ta ce masa, "Malam, ka raba aure." Ya yi dariya. Bakin tsuntsun ya tsage wajen faɗuwa, ita ce ma ta naɗe masa tsagar da jan zare. Daga wannan shekara ba a ƙara jin kukan burtu a Fagam ba, kuma ba wanda ya damu, har da ni.

Mero ta rasu shekara biyu ke nan. Dabo bai yi kuka ba. Aka yi zaman makoki aka watse, shi yana nan zaune a ƙofar gida. In an kawo tuwo ya ci, in ba a kawo ba bai tambaya. Bindiga ta yi tsatsa. Na je na tsokane shi iya tsokana, ya dube ni kamar yana duban katanga. Wallahi abin ya ba ni tsoro, don taubashin da ba ya ramuwa ba lafiya ba.

'Yarsa Khairiyya, da ke aure a Dutse, ta aiko masa da babbar waya. Ya kawo min caji, ni kuma da shisshigi na jefa shi cikin wani zaure na intanet da ake kira Idon Daji. 'Yan boko ne, daga nan har Bauchi da Kano, suna ɗaukar hoton duk wani abu mai rai na daji suna ƙirga iri-iri. Dokarsu biyu ce: sai mai rai a dajinsa, kuma sai mutum uku sun tabbatar da sunansa kafin a ƙirga.

Dabo bai iya karatun boko ba, sai saƙon murya. A saka hoto su yi ta musu da Turanci, shi ko ya danna ya ce, "Wannan cilakowa ce," ya saki. Nan da nan suka fara ce masa Baba Dabo. Ya sauko da burtunsa daga rataya, ya koma rarrafe, waya a hannu maimakon bindiga. Hotunansa duk a karkace suke, amma ba mai kusantar tsuntsu kamarsa. Ban ce ya warke ba. Yana dai fita.

Da ƙirgen ya kai ɗari huɗu da casa'in da tara, zaure ya ɗauki zafi, kowa yana son na ɗari biyar ya zama nasa. Dabo ya zo rumfa ya ce in karanta masa sunayen gaba ɗaya. Na karanta har maƙogwarona ya bushe.

"Babu burtu?" in ji shi.

"Babu."

"Ko a wajen mutanen Bauchi?"

"Dabo, na ce maka babu!"

Can ya ce, "So nake in san ko ni na ƙarar da su."

Daga ranar ba abin da yake nema sai shi. Ya zaga dajin Fagam, ya leƙa Maruta, ya dawo da ƙaya a gwiwa.

Sai ga Malam Musaddiq, wani malamin makaranta a Birnin Kudu mai wata kyamara mai dogon hanci. Wata Asabar da kaka, ciyawa ta kai ƙugu, ya shiga dajin Fagam. Da yamma ya saka hoto: daga nesa, gindin wani marke, baƙin kai da dogon baki sun leƙo saman ciyawa. Kafin magariba mutum uku sun tabbatar. Burtu! Ɗari biyar! Zaure ya kaure da murna, har wata ta aiko da guɗa.

Ran Litinin Dabo ya kawo caji, na nuna masa. Shekara biyu ban ga wani abu ya motsa a fuskar mutumin nan ba sai ranar.

"Na san marken nan," ya ce. "Ashe da saura. Yahuza, ashe da saura!"

Har ya ce min matsoraci kafin ya tafi. Na ji daɗin zagin nan, ba zan ɓoye ba.

Kwana uku yana kwance a gindin marken, daga asuba zuwa la'asar. Rana ta huɗu ya shigo rumfa, ya kwance burtunsa ya ajiye kan tebur tsakanin wayoyin mutane.

"Buɗa min hoton. Ƙara girmansa. Wajen bakin."

Na ja da yatsu biyu. Hoton ya yi dishi-dishi, amma ga shi nan, jan zare naɗe a tsakiyar baki.

"Ran Asabar ina wurin," in ji Dabo. "Fakara nake bi."

Allah ya yafe min, dariya ce ta fara kuɓuce min. Malamai uku da digirinsu sun tabbatar da taubashina tsuntsu ne! Na ɗaga kai na ga fuskarsa ta koma yadda take ranar jana'izar Mero, sai dariyar ta maƙale.

Na ce, "Ka yi shiru mana. Wa zai sani? Mutane sun riga sun yi murna."

"Danna min," ya ce.

Na danna, ya matso da baki.

"Assalamu alaikum. Dabo ne na Fagam. Burtun nan ku cire shi, ni ne. Shekara talatin da mutuwarsa, ni na kashe shi."

Malam Musaddiq, bawan Allah, ya kira yana ta ba da haƙuri, Dabo ya ce ba komai. Aka mayar da ƙirge baya. Bayan mako biyu wani ya ɗauko hoton wani ɗan kwaɗo a fadamar Wurno, aka sake cika ɗari biyar, aka sake guɗa. Na gaya wa Dabo, ya ce madalla.

Burtun yana nan a rumfata, rataye a ƙusa. Sau uku ina ce masa ya zo ya ɗauki kayansa, bai zo ba. Maƙwabtansa sun ce har yanzu in ya idar da sallar asuba yakan fita bayan gari, inda macen nan ta yi kukanta, ya tsaya ba waya ba komai. Ranar kasuwa na tambaye shi me yake ji a can.

Ya ce, "Ƙarar babura."