Makon Yawon Baba Famfo

Shekara talatin da ɗaya yana gyaran famfo, kuma bai taɓa shiga wani gari ba sai in bututu ya fashe an kira shi. Da matarsa ta rasu, gidan ya yi masa girma: ɗaki huɗu, kujera shida, mutum ɗaya. Autarsa, wadda ke aure a wani gari, ita ta samo masa wata ƙungiya mai kai 'yan sa-kai ƙasar waje. A yi aikin taimako mako uku, sannan kowa ya goya jakarsa ya zaga ƙasar mako guda, duk inda ransa ya so.

"Baba, ka je ko don ka ji muryar mutane," in ji ta.

Su goma sha ɗaya suka sauka: 'yan jami'a goma, sai shi da furfurarsa. Tun ranar farko suka laƙaba masa Baba Famfo. Aikin jan ruwa ne zuwa wani ƙaramin asibiti a gindin tsauni. A ajin makaranta suke kwana, katifu a jere, tasa katifar a bakin ƙofa, wai saboda minshari. Bututu arba'in da bakwai suka binne, suka kafa kan famfo tara, shi kuwa har ƙiba ya yi. Abokin tsokanarsa wani ɗalibi ne da ake kira Dogo, wanda sifana ke suɓuce wa kullum.

"Dogo, wannan hannun naka don cokali aka yi shi."

"Baba, cokalin ma aiki ne. Ka taɓa ganin na bar saura?"

A zatonsa makon yawon ma tare za a yi, mota ɗaya, yadda ma'aikata ke tashi daga aiki. Bai san al'adar tafiyar ba. Kowa da kansa yake neman abokin tafiya, kuma yaran sun gama ƙulla wannan tun makon farko, a wurin wanke-wanke, lokacin da shi yake can baya yana goge kayan aiki. Safiyar ƙarshe suka fito da jakunkuna a baya, bibbiyu. Ya ƙirga: rukuni biyar cif, sai shi.

"Baba, ka biyo mu mana," in ji Dogo. "Dutse za mu hau, a tanti za mu kwana."

Yarinyar da za ta tafi da Dogo ta sunkuya tana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Baba ya gani.

"Ku je, ɗana. Kar in zame muku ƙarfen ƙafa."

Ya sami shugabar aikin tana naɗe zannuwan gado.

"'Yata, a bar ni nan. Akwai banɗaki biyu da ke yoyo."

"Wata tawaga za ta iso gobe, Baba, katifar ta wani ce. Ka je ka ga teku, ka huta."

A bas, jakarsa ce ta zauna kujerar gefensa. Masaukin da ya samu a garin bakin teku gado takwas ne a ɗaki, bakwai babu kowa. Ya shiga banɗaki ya murɗa famfo, ya rufe, ya kasa kunne. Lafiyarsa ƙalau, ko ɗigo. Ya dawo ya zauna a bakin gado, hannuwa a kan gwiwa.

Da la'asar waya ta yi ƙara, autarsa ce.

"Baba, kuna ina yau? Ba ni Dogon nan naka mu gaisa."

Ya buɗe baki zai ce sun fita sayayya, ya fasa.

"Ni kaɗai ne, Auta. Kowa ya kama gabansa."

Ta cikin wayar yana jin kukan jikansa daga nesa.

"Tekun fa, ka gan shi?"

"Ina dai jin ƙararsa ta taga."

"To tashi ka je, kar ka kashe wayar. Ni ma ban taɓa ganinsa ba, sai ka faɗa mini yadda yake."

Ya maƙale wayar tsakanin kunne da kafaɗa, ya sunkuya ya jawo takalmansa daga ƙarƙashin gado.