Ƙararrawa Biyu a Kan Tudu

Shekara talatin da ɗaya Kawuna ya yi yana raba wasiƙu a kan keke. Shi ya sa har yau ba mai kiransa sai da Mai Wasiƙa, har matarsa in ta ji haushinsa. Gajere ne, kakkaura, ga son gyara wa mutane zance. Duk ƙauyukan da ke tsakanin duwatsun nan da kogi, babu ƴar hanyar da bai san inda take caɓewa da damina ba.

Da ofishinmu na yawon buɗe ido ya tashi fitar da hanyoyin yawon keke, irin waɗanda mota da babur ba sa bi, shi aka ɗauko daga ritaya ya tsara su. Ya bi tsohon layin dogo da aka kwashe ƙarafunansa, ya bi gaɓar kogi, ya kafa alluna ya rubuta su da hannunsa. Baƙi suka fara zuwa da hulunan kwano da gorunan ruwa, kowa na yabawa. Hanya ta uku ce kaɗai ta zame mana ciwon kai.

Daga gada zuwa mashaya, in ka bi bakin ruwa, tafiyar minti goma ce a miƙe. Amma kibiyoyin Kawu sai su karkata da kai su hau wani tudu, ka yi minti arba'in kana haki kana tura keke, sannan su sauko da kai kusa da inda ka baro. Takardun koke suka cika mana tebur. Wani ya rubuta cewa wanda ya zana hanyar bai taɓa hawa keke ba, abin da na ɓoye wa Kawu don gudun hawan jininsa. Shugabana ya ce in je in duba. In babu dalili, za a cire tudun daga sabuwar taswira da za a buga ran Litinin.

Na fara zuwa wurin Kawu. Na same shi a tsakar gida ya kifa tsohon kekensa yana ɗiga wa sarƙa mai, keken da rabonsa da hawa shekara biyu ke nan, tun da gwiwoyi suka ƙi. Na tambaye shi me ke kan tudun. Ya ce iska mai daɗi, kuma ana hango kogi. Na san Kawu sarai. Mutumin da ko bishiya ba ya kallo sai in inuwa yake nema, shi ne yau zai ce mini hango kogi? Na matsa, ya ce in miƙo masa tsumma. Daga nan ya koma yi mini faɗa kan birkin kekena.

Ni kuwa in aka rufe mini abu, ba na samun sukuni sai na leƙa. Washegari da safe na ɗauki hanya.

Masu koke ba su yi ƙarya ba. Hanyar tsakuwa ce zalla, tana zagaya dutse tana komowa. Tun kafin rabi na sauka na kama turi, gumi ya jiƙa mini ɗankwali. A sama ba abin da na gani sai ɗaki ɗaya na dutse da rufin kwano, da randa a gindin bishiya, da igiya da aka ja daga ƙofar ɗakin zuwa wani benci. Sai allo ɗaya a bakin hanya, fentinsa ya koɗe har da ƙyar na karanta: “Kaɗa ƙararrawa sau biyu.”

Na kaɗa ta kekena, don in ga abin da zai faru.

Wani dogon tsoho ya fito yana bin igiyar da hannu. Makaho ne. Ya zauna a bencin, ya ce in ɗebi ruwa in sha, wai ya ji numfashina tun daga kwanar hanya ta ƙarshe. Na gaishe shi, na faɗa masa ko ni wace ce. Ya yi dariya ya ce ai ya ji, yadda nake cije ƙarshen magana irin na gidanmu ne.

Shi ne Mai Fito, wanda yake ƙetarar da mutane a kwalekwale kafin a yi gada. Kawu da kekensa da jakarsa ya riƙa ɗauka kullum har shekara goma sha tara, suna musu daga wannan gaɓa zuwa waccan. Da gada ta zo, idanu kuma suka tafi, ya dawo ɗakin mahaifinsa a kan tudu ya ƙi saukowa. Jikarsa tana kawo masa abinci duk bayan kwana biyu. Bai taɓa samun wasiƙa ba ko sau ɗaya, amma Kawu ya mai da tudun hanyarsa. Kullum sai ya hau, ya kaɗa sau biyu, tsohon ya ɗaga murya ya ce yana nan, Kawu ya wuce.

Nan na gane, ko na zaci na gane. Gwiwa ta hana Kawu hawa, sai ya turo baƙin duniya su hau a madadinsa, ba tare da sun sani ba. Abin ya ba ni dariya, ya kuma ba ni tausayi. Na rasa ko in faɗa wa tsohon gaskiya.

“Baba, ka san ba shi ne yake kaɗawa yanzu ba?”

“Ƴar nan, ido na rasa, ba kunne ba. Ƙararrawarsa tsagaggiya ce, kamar an buga cokali a kofi. Shekara biyu ban ji ta ba.”

Ya ce duk bayan damina Kawu yakan tako da ƙafa, da sanda da gwangwanin fenti, ya wuni a hanya, ya sabunta rubutun. Ba ya ko zama, wai sauri yake. Shi kuma yakan bi warin fentin ya shafa allon. Muddin baƙi na kaɗawa sau biyu, ya san rubutun na nan, mai rubutun ma yana nan.

“Bana ban ji wari ba,” ya ce. “Masu kaɗawar ma sun ragu. Jikata ta ce lafiyarsa ƙalau, amma ita ko gida ya rushe haka za ta ce mini. Ke faɗa mini. Yana nan?”

Ashe wata uku ke nan yana zaune da wannan tambaya. Na ce yana nan, jiya ma ya yi mini faɗa kan birki. Tsohon ya sunkuyar da kai, hannunsa na kan igiyar.

A rahotona na rubuta cewa a buɗe hanyar bakin ruwa ga mai sauri, a bar tudun da kibiya tasa ga mai so, a rubuta gaskiyar nisansa da wahalarsa, a ƙara da cewa akwai ruwan sha a sama da mai amsa gaisuwa. Shugabana ya karanta sau biyu, ya ce wannan ba dalilin ofis ba ne, sannan ya sa hannu.

Ran Asabar na je aron fenti wurin Kawu. Bai tambaye ni na mene ne ba. Ya kalli gwangwanin, ya kalle ni, sai ya ɗauko sukudireba ya durƙusa da ƙyar gaban tsohon kekensa. Ya kwance ƙararrawar, ya goge ta da bakin rigarsa, ya ɗaura a nawa keken.

“Sau biyu,” ya ce. “Kada ki yi uku, zai ce na tsufa na ruɗe.”

Na hau tudun da fentin, da na kai kwana ta ƙarshe na kaɗa. Ƙarar ta fito a tsage, ba daɗin ji. Kafin in sauke ƙafa na ji murya daga cikin ɗakin, da ƙarfin da ban zaci yana da shi ba.

“Ina nan, Mai Wasiƙa. Ka makara.”