Ɓerayen Iya a Fim Na Uku

A gidanmu na Kudan akwai wani tsohon turmi da gindinsa ya tsage, aka daina daka a ciki, aka kife shi a tsakar gida kusa da inda ake hura wuta. Wannan turmin shi ne gadon mulki. Wanda ya hau shi bayan an ci tuwo, shi ke da baki, saura duk kunne ne. Tun da na yi wayo kakata Iya Tabawa ce a kai. Lokacin matsar rake mukan kwaso busasshiyar tuka daga wurin injin mu tula, wuta ta kama tana ƙamshin mazarƙwaila, Iya ta miƙe ƙafa ta fara tatsuniya. Ni take kira Maigida, ni kuma in ce mata Amarya, duk da haƙoranta uku ne, ɗayan ma ya riga ya yi sallama yana neman takalmi.

To, shekara biyu ko uku bayan Turawa sun ba mu ƙasarmu, aka yi wa Iya juyin mulki, tun kafin sojoji su koyi abin. Autanta ne ya yi, Baffa Iro. Shi ke bin motar da ke kai mazarƙwaila Zariya, a can ya gano silima. Ya dawo da labarin wani jarumi mai tabo a kunci, muka sa masa suna Mai Tabo. Baffa ba ya jin Turanci ko na gaisuwa, amma duk maganar da aka yi a fim ɗin sai ya kawo mana ita da Hausa, har da ashar.

A fim na ɗaya, Mai Tabo ya haye kogin kadoji ya ɗauko akwatin zinariya a cikin kogon dutse. Baffa ya ce kadojin sun kai ɗari. Washegari da ya sake ba da labarin sun hayayyafa sun zama dubu. Na biyu ya fi zafi. A nan ne ya yi tsalle daga kan doki ya dira kan jirgin ƙasa yana gudu. Wata guda babu yaron da ya yi tafiya a ƙasa kamar mutum a unguwarmu, kowa tsalle yake, jakin maƙwabcinmu ya sha wuya. Ni na ja zugar da ta ce Baffa ya hau turmi. Iya ta ja tabarma ta koma gefen rumbu tana ɓare gyaɗa, tana kallonmu ta wutsiyar ido kamar mai kayan da ta ga zanenta a jikin wata.

Sai aka ce na uku ya fito. Baffa ya tafi Zariya muna masa rakiya kamar mai zuwa Makka. Amma da ya dawo sai na ga fuskarsa ba daɗi. Da rana ya same ni ina kora dokin da ke juya injin rake, ya miƙo mini mazarƙwaila ƙatuwa, mai ɗumi.

"Kai, wannan tatsuniyar da Iya ta yi maka lokacin da kake ƙyanda, ta mutumin da ɓarayi suka ɗaure, yaya ma ya kuɓuta?"

Ni da zaƙi a baki, ai ko asirin gidanmu aka tambaya zan faɗa. Na zayyana masa tsaf.

Tatsuniyar gajeriya ce, ni kaɗai Iya ta taɓa yi wa ita, ina kwance jiki duk ƙuraje. Baffa farkonta kawai ya jiyo daga bakin ƙofa. Wani falke ne ɓarayi suka tare a daji, suka ɗaure shi a jikin tsamiya da igiya, suka ce da safe za su yanka shi. Ya roƙe su abu guda: su sa masa mazarƙwaila ɗaya daga kayansa a baki, ya mutu da zaƙi. Suka yi dariya suka sa masa. Bai haɗiye ba. Ya bar ta ta narke, ya riƙa tofa ruwan a kan ƙullin igiyar. Ɓeraye suka ji ƙamshi suka zo suka gwigwiye igiyar har ta tsinke, falke ya kwashe kayansa da na ɓarayin ya yi gaba.

Da yamma gida ya cika, har yaran maƙwabta a kan katanga. Baffa ya hau turmi ya gyara murya. Iya kuwa ranar ta matso da tabarmarta kusa, abin da ba ta taɓa yi ba.

Bai yi nisa ba ta katse shi. "Iro, tabon nan a wane kunci yake?"

"Na dama, Iya."

"A'a. A na ɗaya ka ce hagu. A na biyu ma hagu, har ka shata da gawayi a fuskarka. Tabon tafiya yake yi?"

"Wallahi haka na gani!"

"To. Dokin fa? Farin nan da ka sa mana yara kuka a kansa?"

"Babu doki a wannan. Jirgin ruwa ne."

"Ikon Allah. Mutum ya sake kunci, ya sake abin hawa. Anya ba ƙanensa suka kawo muku ba? Ko kuwa kai ne ba ka je ba, ka tsaya Gazara wajen yarinyar nan mai fura?"

Aka kwashe da dariya. Baffa ya share gumi ya yi sauri ya kai inda abokan gaba suka kama Mai Tabo suka ɗaure. Nan fa labari ya yi daɗi. Yara suka yi tsit. Ya ce Mai Tabo ya roƙi a sa masa sukari a baki, ya riƙa tofawa a igiya, sai ga ɓeraye. Ya ɗauki zafi, ya miƙe tsaye a kan turmi, baki ya kufce masa: "Ɓerayen nan suna jin ƙamshin mazarƙwailar..."

"Tsaya nan." Iya ta ajiye ƙwaryar gyaɗa. "A ƙasar Turawan ma ana dafa mazarƙwaila? Daga Maƙarfi ake kai musu ko daga Ikara?"

Sai ta juyo a hankali, ta wuce kowa da ido, ta tsaya a kaina.

"Maigida. Zo nan. Buɗe hannunka."

Hannuna na danƙo da zaƙi har ƙudaje sun san ni da suna. Ta shinshina, ta gyaɗa kai.

"Mutum biyu suka san ɓerayen nan a duniya, ni da mijina. Ashe mijin nawa sayar da ni ya yi a bakin inji." Ta dubi Baffa. "Ni in zan yi tawa, nakan faɗa muku tun farko ƙarya ce, in na gama in sake faɗa. Kai ka ɗauki ƙaryata ka ɗora mata wallahi. Sauka mini daga turmi."

Ya sauka. Ta hau, ta gyara zane, ta ce yau za mu ji na huɗu. A nata, Mai Tabo ya zo Kudan, aka miƙa masa rake, ya rasa ta inda ake fara ɓarewa, ya bar haƙori biyu a gaɓar farko. Baffa da kansa ya yi dariya har da hawaye. Ni kuwa sati guda ba ta kira ni Maigida ba, sai "yaron nan". Bulala goma ta fi mini wannan sauƙi.

Na daɗe ina zaton Iya ta yi gaskiya, Baffa bai je silima ba. Sai bayan na girma ina aiki a Kaduna, wata silima ta dawo da tsofaffin finafinai, na shiga na ga na ukun da idona. Jama'a, tabon a dama yake. Wani mutum daban suka kawo, mai tumbi, suka manna masa tabo a inda suka ga dama. Babu doki, babu tsalle, sai surutu a cikin jirgin ruwa. Da aka ɗaure shi kuwa, abokinsa ne kawai ya zo da wuƙa ya yanke igiyar, shi ke nan. Duk abin da Iya ta ƙaryata gaskiya ne. Wuri ɗaya mai daɗi a labarin Baffa, nata ne. Bawan Allah ya ga abin ba zai riƙe masa turmi ba, ya je ya yi sata a ɗakin uwarsa.

Yanzu jikokina kan zo da waya su ce, "Kaka, sabon ya fito, ya fi na baya!" Nakan ce su kawo in gani, amma sai na fara tambaya a wane kunci tabon yake. Kuma har yau, duk fim ɗin da aka ɗaure jarumi, ba fuskarsa nake kallo ba. Ƙasa nake duba, ko ɓerayen Iya za su zo.