Mai Ci da Hagu a Tashar Sokode

A tashar Sokode, inda nake jiran motar Dapaong da ta ƙi cika, akwai wata dattijuwa da ta ɗauke mini hankali. Gajeriya ce, zaninta ya koɗe, ɗan gicciyen katako yana lilo a wuyanta. Da alama daga coci take, don tana ta rera waƙarsu ƙasa-ƙasa.

Kamar kullum, tana wuce mu sai ta zauna gaban Baba Wahabu, tsohon mahaucin da ke kwana kan kwali bayan shagon faci tun da hannunsa na dama ya shanye. Kowa ya san halinsa. In ka ajiye masa abinci ƙudaje ne za su ci, don ya gwammace yunwa da a gan shi yana ci da hagu.

Ita ba ta lallashinsa. Ta buɗe kwanon shinkafa da wake, ta wanke hannu, ta naɗe damanta cikin zani, ta sa hagu. Rabin lomar yana zubewa a cinyarta. Baba ya dube ta, ya dubi mutane, ya yi bisimilla.

Wataƙila ta taɓa jinyar miji irinsa, ban sani ba. Ni dai bakina ba ya hutawa.

"Mama, a cocinku ba a koyar da hannun dama ne?"

"Ana koyarwa, ɗana," in ji ta, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Nawa yana jiran nasa ne. Matsa can, ka tsare masa iska."

Na matsa. Baba kuwa ya ƙara jawo kwanon gabansa.