Mushe a ɗakin zaure

Shekarun farko na mulkin kai aka kawo sinima filin mishan na Dogon Dutsi, muka je da Inna, uwar mijina. Labarin wani ɗan haya ne, mugu, ya kashe mutum ya ɓoye gawar a ɗaki. Ni dai ban ga abin yabo ba. Ba a nuna uwarsa ba, ba a nuna garinsu ba, ba a faɗi abin da ya ɓata shi ba. Da ya rufe ƙofa sai kiɗa ya tashi, shi ke nan ya zama dodo. Amma Inna, wadda ba ta jin Faransanci ko kalma guda, ta haɗiye shi ɗanye.

Abin tsiya, a kwanakin ne muka ba wani sabon malamin lakwal, wato makarantar boko, hayar ɗakin zaurenmu. Saurayi ne mai kunya, mai yawan rufe ƙofa. Mu Malam muke ce masa. Inna ta sa masa ido.

Ranar Alhamis, ba karatu, ƴan ajinsa suka zo gaishe shi, suka tarar da ƙofa a rufe. Inna ta ce, "Mi kuka nema?"

"Mushe, Inna. Shina ciki tun sahe."

Haka ƴan lakwal ke kiran malami. Inna kuwa mushe guda ta sani, wanda ungulu ke ci. Ta ɗora hannu a ka ta kwarma ihu. Ina daka, kafin in taso unguwa ta cika zaure, wani ya sa kafaɗa ya ɓalle ƙyaure.

Ga Malam zaune kan tabarma, ɗan tsumma ɗaure a ƙugu. Wandonsa na aiki, guda ɗaya tak, ya wanke ya shanya a igiya cikin ɗaki don kada a gane ba shi da wani. Ruwa na ɗiga. Yaran da zai tsaya gabansu washegari suna leƙe ta ƙarƙashin hammatar manya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Mijina ya ba shi haƙuri har ya gaji, amma Malam ya ce zai tashi. Ranar da ya ɗaure kayansa ya shigo cikin gida, ya durƙusa gaban Inna.

"Ki gahwarta mini, Inna," in ji shi. "Na ba ki tsoro."