Ɓerayen Badung

Shekara sha tara Badung, maƙwabcina a unguwar Congo-Russia, ya yi yana wa ɓeraye hidima. Ba irin namu masu cin sabulu ba. Farare ne tas, 'yan gata, a wani ɗakin bincike. Shi ke yi musu shara, ya auna su, ya canja musu ruwa. In an ɗauke wuta a tayar musu da janareta. Mu kuwa ko oho.

Matarsa Zipora tela ce. Shekara huɗu ke nan da ƙafarta ta fara zamewa daga kan keken ɗinki, sai abin ya taɓa ido, sai hannu. Bayan an zaga da ita coci uku da gidan mai magani, likita ya ce cutar MS ce, garkuwar jikinta ke cinye rigar jijiyoyinta. Nan take unguwa ta cika da likitoci. Wannan ya kawo zogale, wancan gangamau, har ni sai da na kai tafarnuwa, Allah ya yafe mini.

Abin takaicin, irin cutar nan ake sa wa ɓerayen Badung da gangan, sannan a ɗura musu wani sinadari da aka tatso daga ganye. Da idonsa ya ga masu jan ƙafa sun miƙe. Ya tambayi shugabar binciken yaushe za a fara ba mutane. Ta ce tukuna, ba a ma san ko zai yi wa mutum aiki ba, ko zai taɓa hanta. Ta ce ya dai ba su kamar shekara goma.

Wata Juma'a ya jefa kwalba ɗaya ta sinadarin a aljihu, mutumin da ko tsinke bai taɓa ɗauka ba. A gida ya zauna da biro. Ɓera giram ashirin da biyar, Zipora kilo hamsin da biyar. Ashe matarsa ɓera dubu biyu da ɗari biyu ce. Kwalbar kuwa ta ɓera arba'in ce, na kwana ɗaya. Ranar Litinin ya lallaɓa ya mayar da ita firji. Ni kaɗai ya faɗa wa, kuma tausayinsa ya hana ni zolayarsa.

Yanzu in ya dawo aiki yakan same ta zaune a ƙofar ɗaki, keken ɗinkin na lulluɓe da zane.

"Yaya yaranka?" in ji ta, wato ɓerayen.

"Suna tafiya."

"Har da gudu?"

"Har da gudu."

"To, ka gaishe su."